Aljihun Rigar Jakada

Ku yaran yanzu da kuke sayen 'yar na'urar nan mai fitar da tururi, ku rataye riga a jikin ƙofa ku busa mata hayaƙi sau biyu ku ce kun yi guga, ku matso in gaya muku abin da ake kira aiki. Na ji wani cikinku yana cewa wai sana'ar Baba Ilu ba ta wuce ɗaga itace a sauke a kan tsumma ba. To madalla. Shekara arba'in da wani abu ina ɗaga itacen nan, kuma har yau in na hango shadda a jikin mutum daga tsallaken titi, zan gaya maka ko buge ta aka yi, ko goge ta aka yi, ko kuwa zama kawai aka yi a kanta.

A Zariya na koyi bugu, wurin Malam Tanimu, mutumin da bai taɓa yaba wa kowa ba har ya koma ga Allah. Kayan aikin ba su da yawa: gungumen itacen kirya da aka kwantar a ƙasa, mabugi mai nauyi a hannun kowa, ruwan ƙaro, sai dutsen guga na ƙarasa wuya da aljihu. Shekara guda cur ban taɓa mabugi ba. Aikina fesa ruwa da ninki. In ruwa ya yi yawa riga ta yi tabo, in ya yi kaɗan zare ya karye. Kuma mutum biyu ne ke bugu, suna fuskantar juna, wannan ya sauke wancan ya ɗaga. Ka kuskure lokaci da ƙiftawar ido, sai ka ji mabuganku sun haɗu a sama, ko yatsan abokin aikinka ya tashi aiki. Wurin aikin ƙirji kuwa, inda mai ɗinki ya ƙare basirarsa, sassauta hannu ake yi. Malam Tanimu ba ya faɗa da baki. Ƙeyarka ce za ta ji.

A ƙarshen shekarun tamanin na sauka New York da mabugi biyu a cikin akwati. Ma'aikacin filin jirgi ya ɗaga ɗaya ya juya, ya tambaye ni wa zan kashe. Na ce masa riga. Na fara aiki a gidan wankin wani Bakoriye a gabashin Manhattan, ba nisa da dogon ginin nan na bakin kogi mai tutocin ƙasashen duniya a jere, inda jakadu ke taruwa. Ran nan wani direba ya kawo babbar riga ta ubangidansa. Bakoriye ya jefa ta a inji tare da kwat-kwat, ta fito kamar zanen gado. Direban nan, Awudu sunansa, ɗan Zangon Kumasi ne da ke zaune a unguwar Park Hill, ya riƙe kai yana salati. Na ce ya ba ni kwana ɗaya. Na tafi da ita unguwarmu Highbridge da ke Bronx, na shiga ɗakin ƙasa na gidan da nake haya, na buge ta a kan wani katakon da maginai suka yar. Washegari Awudu ya duba ya ce, "Masta, riga nan ya yi kyau paa! Ina ka ɓoye tun da?"

Daga nan ƙofa ta buɗe. Kafin shekara ta zagayo na bar Bakoriye, na sami gungume na gaske, na daidaita da mai kula da gini a kan cewa ba bugu sai daga goma na safe zuwa huɗu na yamma, don wata tsohuwa a hawa na ɗaya ta kira 'yan sanda har sau biyu. Duk jakadan da ke sa babbar riga daga yankinmu, rigarsa sai ta hau tudun Highbridge. Babban mai kawo mini aiki shi ne ubangidan Awudu, jakadan wata ƙasa ta yankinmu. Ba tamu ba ce, kuma ba zan faɗi sunanta ba. Dogo ne, ƙato, yana jin Hausa kamar jakin Kano, kuma ko gaisuwa ka yi masa sai ya amsa kamar yana gaban makirfo.

Abin da ba ku sani ba shi ne, mai bugu karanta riga yake yi. Ba na sayen jarida a lokacin, kwandon wanki ya ishe ni. In riga ta dawo da gumi a hammata, mai ita ya yi jawabi. In ta dawo da lanƙwasa a baya kawai, ya zauna ya yi barci wani na jawabi. In ta dawo da ɗigon miya a gaba da ƙanshin taba, an kai shi cin abinci ana neman ƙuri'arsa. In kuwa ta dawo tsaf, ninkina ko motsi bai yi ba sai ɗan tabon kofi a hannu, to ranar an kaɗa ƙuri'a mai zafi, shi kuma fitsari ya matse shi daidai lokacin.

Da aiki ya yi yawa na rasa abokin bugu. Na gwada 'yan uwanmu har uku, kowa ya yi mako guda ya ce kafaɗa, ya koma tuƙin tasi. Wata ma'aikaciyar jinya 'yar Kafanchan da ke hawa na uku ita ta kawo mini Dolma. Ta ce a asibiti suka haɗu, matar tana neman aiki, kuma ba ta da tsoron wahala. Na dubi 'yar gajeriyar mace mai faɗin fuska, na yi dariya. Ta ɗauki mabugi ta auna nauyinsa, ta zauna a ɗaya gefen gungume, ta saurari bugu na kamar sau goma, sannan ta shigo daidai a tsakani. Ashe a inda ta fito saƙar darduma take yi, hannunta ya saba da duka. Abin da ya ci mini shekara biyu a Zariya, cikin wata uku ta iya. Da guntun Turancinta da guntun nawa muke magana, ta ji kowa na ce mini Malam, ita ma ta ɗauka. Sharaɗinta ɗaya ne, kowace safiya sai ta kunna wani turaren itace na ƙasarsu a kusurwa. Na ce ba komai, ya fi warin tukunyar ɗumama gida.

'Yar Tibet ce. Ni ma a lokacin ban san inda yake ba. Ƙasa ce ta kan duwatsu, tana hannun gwamnatin Sin, wato China, mutanenta kuma suna da harshensu da addininsu. A shekarun da na zo New York, masu ibadarsu, waɗannan masu aske kai su yafa jan mayafi, sun yi ta fita titi a babban birninsu suna neman a sakar musu mara, sojoji kuma suka amsa musu yadda sojoji ke amsawa. Ƙanen Dolma, Norbu, yana cikin waɗanda aka kwashe. Ita ta tsallake duwatsu da ƙafa zuwa Indiya, daga baya aka kawo su nan. Hotonsa na cikin jakarta, wani siririn mutum mai manyan kunnuwa.

Duk kaka, lokacin babban taron shekara, ni aiki ke kashe ni, ita kuma takan roƙi rabin yini ta je ta tsaya da 'yan uwanta a tsallaken ginin nan mai tutoci, bayan shingen 'yan sanda, suna ɗaga hotuna. Motocin jakadu na wucewa ta gabansu da baƙin gilashi, rigunan da ita da kanta ta buga suna ciki. Kada ku ce duniya ba ta amsa musu ba, ta amsa. Turawa sukan tashi su ce suna cikin matuƙar damuwa. Abokaina da ke wanke kwat ɗinsu sun ce damuwar ba ta taɓa hana aljihunansu cika da katin 'yan kasuwar Sin ba. Namu na yankin kuwa sukan ce wannan harkar cikin gida ce, kuma su mutane ne masu kunya, ba sa leƙa gidan wani, musamman in mai gidan yana gina musu filin wasa. In wani ya kawo ƙuduri a yi magana a kan mutanen Dolma, sai wani ya kawo ƙudurin kada a yi magana, a kaɗa ƙuri'a a kan yin shiru, shiru ya ci. Washegari riguna su zo mini da tabon kofi.

Ban da tsayuwa a titi, Dolma na rubuta wasiƙu. Ofishin wannan ƙasa, ofishin waccan, ofishin masu kula da haƙƙin ɗan Adam. Wasu mai gadi ke dawo mata da su tun daga ƙofa. Wasu su aiko da 'yar takarda mai layi biyu, an gode, an lura. Waɗanda suka fi kirki suka ce mata ba hujja, wa ya ga ƙanen nata, wa ya ce ana dukansa? Sai ta zauna ta rubuta wadda ke da hujja. Ta sa sunan Norbu, da gidan yarin da yake, da haƙarƙarin da aka karya masa. Ta sa sunan matar da ke share gidan yarin, wadda ta gan shi da idonta ta fito da labarin, da sunan ɗan kasuwar da ya tsallako da saƙon. Ta sa nata sunan a ƙasa.

Wata Litinin muna cikin bugu ta ajiye mabugi, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Malam, Jakadan Awudu yana cikin kwamitin da ke zama a kan irin maganarmu. Ranar Juma'a zai yi jawabi."

"To?"

"Mai gadi ba ya tare riga."

Na gane inda ta dosa. A sana'armu akwai doka, kuma Malam Tanimu da mari ya koya mini ita: abin da ka tsinta a aljihu ka mayar wa mai shi ko da allura ce, kuma ba ka zuba komai a aljihun mutum. Na gaya mata haka. Ba ta yi gardama ba. Ta ɗauki mabugi muka ci gaba, amma bugunta ya mutu, kamar mai dakan da ba ta son tuwon. Na ji tausayinta ya kama ni, ban da haka kuma akwai girman kai. Na ga ni ne zan yi abin da ofisoshi ashirin suka kasa. Na ce ta kawo.

Washegari Awudu ya kawo wata riga da har yau nake mafarkinta. Farar shadda sabuwa dal, aikin hannu aska takwas, zaren siliki ruwan zuma. Ya ce, "Oga ya ce ka buga wannan da kanka, ka sa a farin takarda, ka sa a kwali nan." Ya miƙo mini kwali mai ruwan zinari. Na ce lallai rigar jawabin Juma'a ce.

A nan ne nake so ku buɗe kunne, ku masu cewa ɗaga itace ne. Rigar nan ta gaya mini gaskiya sau uku, na toshe kunne. Na farko, da na shimfiɗa ta na ga ta gaza tsawon Jakada da taƙi guda. Na ce telolin yanzu ba su iya awo ba. Na biyu, hular da aka haɗo da ita ko rabin kansa ba za ta shiga ba. Na ce ta wani ce ta faɗo ciki. Na uku, rigar da za a saka a leda ake mayar da ita, ba a kwali mai ruwan zinari ba. Wannan ko wanda ya yi wata ɗaya a mabuga ya sani. Amma ni hankalina na kan yadda Jakada zai sa hannu a aljihu neman tabarau, ya ci karo da ambulan, hawaye su zubo masa, ya tashi ya girgiza duniya. Muka buge ta har tana ɗaukar ido. Na zura wasiƙar a babban aljihun ƙirji, na bi da dutsen guga ta kwanta lif, ƙaro ya manne bakin aljihun. Na ninke, na rufe kwali. Awudu ya ɗauka ranar Laraba.

Ranar Alhamis da misalin ƙarfe tara ya dawo da wankin mako, yana ta sauri.

"Masta, yau ba zama kuraa, ko na minti ɗaya. Oga na da babban lanci ƙarfe ɗaya, da kyamara da komai. Riga nan naka zai tafi China."

"Wace riga?"

"Na kwali nan mana. Kyauta ne. Babban mutumin China ya zo, su ne za su yi mana gada. Oga zai saka masa da hannunsa."

Kun san al'adar manyanmu, in suna son girmama baƙo riga suke ba shi. Na san wannan tun ina yawo ba wando, amma ranar sai da direba ya tuna mini. Na waiga. Dolma ta tsinci kalmar China a cikin maganar, ta tsinci kwali, sauran kuma fuskata ta gaya mata. Ta zauna a kan gungume. Ba ta yi kuka ba. Ta ambaci sunan mai sharar nan kawai, ta ce tana da 'ya'ya uku.

Na gaya wa Awudu komai. Ya ce innalillahi, ya ce kwalin na kan teburin Jakada an ɗaure shi da jan ƙyalle, shi ko ƙofar ofishin ba ya shiga sai an kira shi. Na ce to in gaya wa Jakada gaskiya. Awudu ya dube ni kamar na zare.

"Masta, ka san Oga kuwa? In ya ga takarda nan, shi da kansa zai miƙa musu, ya ce ga abin da na kama muku. Gada ya zama biyu."

Ban yi masa musu ba, don na fi shi sanin kwandon wankin mutumin. Na hau sama wurin wayar kan titi, na zuba kwabbai, na ce a haɗa ni da Jakada, maganar gaggawa ce a kan rigar kyauta.

"Ranka ya daɗe, Ilu ne mai bugu. Na yi maka laifi. Rigar nan akwai ɗan tabo a gefe, a dawo da ita in gyara."

"Ɗan tabo? Malam Ilu, bar shi. Mutumin nan ya san shadda ne? A kabad za ta ƙare."

Sai na ga ƙaramar ƙarya ba za ta yi ba. A duk shekarun da na yi ina aiki ban taɓa ƙona ko hankici ba, da wannan aka san ni daga Bronx har Staten Island. Sai na sake salo.

"Ranka ya daɗe, ba tabo ba ne. Ƙonewa ce. Dutsen guga ya zauna a ƙirji, sawunsa ya fito sak. Tsoro ya sa na ninke na ɓoye. In aka warware ta gaban kyamara, duniya za ta gani."

Sai ya yi mini jawabin da ya fi duk wanda ya taɓa yi a ginin nan mai tutoci. A nan na san mutumin ya iya fushi, ya iya kiran abu da sunansa, ya iya cewa an ci amana. Ashe ajiye su yake yi sai an taɓa riga. Ya ce zai aiko sakatarensa da kwalin ya gani da idonsa, in akwai gyara a yi a gabansa.

Ƙarfe sha ɗaya da rabi suka iso. Sakataren dogo ne mai tabarau, yana taka matakalar ɗakin ƙasa kamar za ta shafa masa cuta. Kafin su zo na riga na sa dutsen guga a wuta a bayan labule, inda teburin guga yake. Dolma kuma ta zuba turarenta ninki uku, ɗakin ya turnuƙe. Dalili shi ne, sabuwar ƙonewa tana da ƙauri, ta jiya ba ta da shi. Na karɓi kwalin da hannu biyu, na ce bari in warware ta a kan tebur kada ƙasa ta taɓa ta. Sakatare ya taso zai biyo ni, Dolma ta tare shi da kofin shayin ƙasarsu, mai gishiri da man shanu, ta miƙa masa da hannu biyu tana sunkuyawa. Ɗan diflomasiyya ne, an koya masa ba a ƙin abin da aka miƙo gaban mutane. Ya kurɓa. Abin da ya biyo baya a fuskarsa ya ba ni minti guda.

Ni na ninke rigar, na san aljihun yana cikin ninki na uku. Na zura yatsa na ɓalle ƙaron a hankali, na zaro ambulan na cusa a wandona. Da zan iya tsayawa a nan, da na tsaya. Amma in mutumin nan ya ga riga lafiya lau, tambaya ta gaba ita ce me ya sa na kira, daga nan sai a fara lalube. Na ɗauki dutsen guga na ɗora a tsakiyar aska takwas ɗin nan, aikin da wani bawan Allah ya yi wata uku yana yi da allura. Na danna. Ina jin silikin yana ƙara ƙasa-ƙasa. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ɗaga, na fesa ruwa don wurin ya huce, na kaɗa ta sau biyu, na fito da ita.

Sakatare ya gyara tabarau ya dubi sawun dutsen guga, baƙi ƙirin, har da ramukan tururi a jere. Da ya taɓa wurin da bayan hannu da ya ji ɗumi. Amma mutumin da bai taɓa goge ko wandonsa ba, ina zai san ana taɓawa? Ya ce, "Malam Iliya, ka san abin da ka yi kuwa? Wannan zai iya shafar dangantakar ƙasashe biyu." Na ce na sani, a yi haƙuri. Ya nannaɗe rigar kamar tsumma ya fita. Awudu ya bi shi, ko kallona bai yi ba, kuma na gode masa da hakan.

Baƙon ya samu tumtum na fata da wata sanda mai ado. An yi gada. Ranar Juma'a Jakada ya yi jawabinsa, ya ce ƙasarsa na mutunta harkokin cikin gidan kowa, rigar da ya yi jawabin da ita kuma ta tafi wurin wani Basenegale mai wanki a Harlem, ba wurina ba. Domin kafin mako ya ƙare babu ofishin da bai ji labari ba. Mutanen da suka shekara biyar sun kasa haɗa baki a kan ko ana dukan mutane a gidan yari, cikin kwana uku suka haɗa baki a kan Ilu, ba wanda ya ƙaurace, ba wanda fitsari ya matsa. Sabon sunana ya zama Ilu mai ƙona riga ya ɓoye ƙunar. Wannan ita ce muguwar shekarata. Gungume ya yi ƙura. Na koma goge rigunan makaranta da labulen coci, da rana kuma ina tura keken kaya a wani kanti a Tompkinsville. Dolma ta tafi rainon wata tsohuwa a Queens, don ba aikin mutum biyu. Sai da 'yan bikin aure da masu zuwa Idi suka gano ni sannan na sake miƙewa, amma rigar jakada ba ta ƙara hawa tudun Highbridge ba.

Duk wannan daga baya ne. A ranar, da ƙarar motarsu ta ɓace, na buɗe 'yar tagar da ke daidai da titi don hayaƙi ya fita. Na ciro ambulan na miƙa wa Dolma, ina jin kaina kamar wanda ya dawo daga yaƙi. Ta yi mini godiya yadda suke yi, ta haɗa tafin hannu ta sunkuya, ta daɗe a haka. Sannan ta zauna a kan gungume tana juya ambulan ɗin. Zafin guga ya sa ya yi santsi, bakinsa a manne yadda ta manne shi.

"Ba wanda ya buɗe," in ji ni. "Ki kwantar da hankalinki. Ko mutum ɗaya bai gani ba."

"Na gani, Malam."

Ta shafa sunan ƙanenta ta bayan takardar, ta yi wata 'yar dariya da ba ta yi mini daɗi ba.

"Shekara huɗu ina rubuta wa ofisoshin nan," ta ce. "Duk cikinsu, mutanen da ka kusa kai wa wannan yau su kaɗai ne za su karanta ta har ƙarshe."